Wanda Ya Ture da Wanda Ya Riƙe: Yadda Muka Yi Shari'ar Taɓa Alƙalin Wasa a Agege

Gasar ƙwallon da muke shirya wa matasa bayan Ƙaramar Sallah a Agege ba wata babba ba ce. Ƙungiyoyi takwas ne, filin kuma na wata makarantar firamare ne da muke aro Asabar da Lahadi. Kofin ma ya sha hannu har ya fara koɗewa. Amma a 2023 gasar ta jawo mana shari'ar da ta kusa raba kwamiti gida biyu, ni ne kuma magatakarda, littafin yana hannuna. Na rubuta yadda abin ya gudana ne saboda masu shirya irin wannan gasa a Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago da Ijora, domin in bai riga ya same su ba, yana nan tafe. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda aka yi a gabansu sun san kansu.

Mu biyar ne a kwamitin. Shugabanmu dattijo ne, dillalin shanu a mayankar Oko-Oba, shi ke ɗaukar mafi yawan ɗawainiya. A shekarar ma nauyin ya fi yi masa yawa, don ba a daɗe da fita daga ƙarancin takardun naira ba, da ƙyar ƙungiyoyi suka haɗa kuɗin rajista. Sai malamin Islamiyya, sai wani tsohon ɗan wasa da gwiwa ta zaunar, sai ma'aji, sai ni.

Dokokin gasar shafi ɗaya ne: lokacin zuwa fili, yawan canji, haramcin ɗauko sojan haya daga wata unguwa. Game da alƙali kuwa layi ɗaya tak muka rubuta: "Duk wanda ya taɓa alƙalin wasa an kore shi daga gasa." Shekara da shekaru ana karanta layin nan ranar haɗa ƙungiyoyi, ba wanda ya taɓa tambaya me ake nufi da taɓawa.

Alƙalanmu biyu ne. Ɗaya Bayarabe ne haifaffen Agege, Hausa a bakinsa kamar Bakano, ya yi kwas na alƙalanci, yana zuwa da kayansa da katinsa da ɗan littafinsa, muna biyansa. Ɗayan tela ne a layinmu, ya haura hamsin, ya daɗe yana busa mana wasa a kan abin da bai wuce kuɗin ruwa ba.

Asabar da Lahadi

Ranar Asabar aka buga wasan kwata fainal na yaran mayanka, tela ne da usur. Ana ɗaya da ɗaya, saura kaɗan a tashi, suka jefa ƙwallo a raga, mai tuta ya ɗaga ya ce satar gida. Kyaftin ɗinsu, ƙato ne mai ƙirar mahauta, ya taho a guje ya sa tafin hannu biyu a ƙirjin tela ya ingiza. Tela ya yi baya taga-taga, bai dai faɗi ba. Da ƙura ta lafa ya zaro katin gargaɗi ya nuna masa, aka ci gaba. Yaran mayanka suka yi nasara a bugun fenareti.

Al'adarmu, in an tashi alƙali yakan zo teburina ya faɗi ci da katunan da ya bayar, in rubuta. Tela ya zo ya ce, "Katin gargaɗi ɗaya, gardama." Na rubuta haka. Teburina yana can ɗaya gefen filin, cincirindo kawai na hango. Amma gaskiya ɗaya ce: na ga alamar an yi abin da ya wuce gardama, ban kuwa tambaya ba. Na san ɗan gidan wa ne kyaftin ɗin. Yaron shugabanmu ne, a hannunsa ya tashi.

Washegari ƙungiyar masu dako ta kasuwar Mile 12 ta buga nata wasan, Bayaraben ne alƙali. Suna ci biyu da nema aka ba abokan karawarsu fenareti. Wanda ya yi ƙetar wani ɗan baya ne ɗan shekara goma sha tara, bai cika shekara da zuwa Legas ba. Da ya ga alƙali ya kai hannu aljihu, sai ya cafke wuyan hannun da hannuwansa biyu, ya ɗan rusuna, yana ta "Oga abeg, don Allah, don Annabi." Alƙali ya fizge, yaron bai saki nan take ba, littafin kati ya faɗi ƙasa. Maimakon katin gargaɗin da ya yi niyya, sai ya ɗaga ja. Masu dako suka ƙarasa da mutum goma, suka ci biyu da ɗaya. Alƙalin ya miƙo mini rahoto a rubuce, rabin shafi, da minti da lambar riga da abin da aka yi.

Ranar Litinin muka zauna, zaman bai kai minti goma ba. Ga rahoto, ga layin doka. Muka kori yaron.

Ranar Talata bidiyon wasan Asabar ya fara yawo a WhatsApp. Wani ne ya ɗauka da waya daga bayan raga, hoton yana rawa, amma hannu biyun nan a ƙirjin tela ba ya ɓuya. Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne jadawali: a wasan daf da ƙarshe yaran mayanka da masu dako ne za su haɗu. Wato mun cire wa masu dako ɗan bayansu saboda ya riƙe, mun bar wa ƙungiyar shugabanmu kyaftin ɗinta bayan ya ture. Da yamma kocin masu dako ya same ni a bakin masallaci. Bai ɗaga murya ba. Wayarsa kawai ya miƙo mini ya ce, "Malam magatakarda, a duba mana. In dokar ta 'ya'yan wasu ce kawai, a faɗa mana mu koma kasuwa."

Gardamar da aka ɗauko daga gidan kallo

Abin ya zo ne a lokacin da kunnen kowa ya cika da irin wannan magana. Ranar 5 ga Maris 2023, a wasan da Liverpool ta lallasa Manchester United bakwai da nema a Anfield, Bruno Fernandes ya sa hannu a bayan mataimakin alƙali Adam Nunn ya ɗan ture shi. Hukumar ƙwallon Ingila ba ta tuhume shi ba. Mako biyu cif bayan haka, ranar 19 ga Maris, 'yan kwanaki kafin a ɗauki azumi, Fulham ta je Old Trafford wasan kwata fainal na Kofin FA. Tana gaba da ci ɗaya, wanda Aleksandar Mitrovic ya ci, sai Willian ya tare ƙwallo da hannu a bakin raga. Alƙali Chris Kavanagh ya duba bidiyon maimaici na VAR, ya ba da fenareti da jan kati. Mitrovic ya taso masa ya ture shi, shi ma ya sha ja, kocinsu Marco Silva ma aka kore shi. Wanda ya buga fenaretin ya ci kuwa Bruno ne, United ta yi nasara uku da ɗaya. Daga baya aka dakatar da Mitrovic wasa takwas, da tarar fam 75,000. Sannan cikin azumi, ranar 9 ga Afrilu, reshe ya juye da mujiya: mataimakin alƙali Constantine Hatzidakis ya ɗaga gwiwar hannu ta sami Andy Robertson a wasan Liverpool da Arsenal, hukuma ta bincika ta ce ba za ta ɗauki mataki ba.

Duk wanda ya zauna a gidan kallon ƙwallo a Agege cikin watan nan ya ji yadda aka yi ta yi. 'Yan United na cewa taɓawar Bruno ba ta kai ta kawo ba, 'yan Arsenal da Chelsea na cewa rigar ce ta cece shi. To da tamu ta taso, sai kowa ya ɗauko sunayen ya liƙa: kyaftin ɗin mayanka ya zama Bruno, yaron Mile 12 ya zama Mitrovic. Kwatancen bai ma zauna daidai ba, don a tamu mai laifi mafi girma shi ne ya tsira. Amma a wuri ɗaya ya yi daidai ƙwarai, kuma nan ne zuciyar lamarin. A duka biyun, abin da alƙali ya yi a fili da abin da ya rubuta bayan an tashi shi ne ya buɗe ƙofar shari'a ko ya rufe ta. Kavanagh ya ɗaga ja, sai hukuma ta sami abin kamawa. A Anfield ba a ɗaga komai ba, magana ta mutu a nan.

Na kwana biyu ina bin tsofaffin shari'o'in da na sani, ko zan sami ma'auni guda. A Satumban 1998 Paolo Di Canio na Sheffield Wednesday ya ture Paul Alcock a wasansu da Arsenal, Alcock ya yi ta tangaɗi har ya zube, aka ba Di Canio wasa goma sha ɗaya da tarar fam 10,000. A 2005 David Prutton na Southampton ya ture Alan Wiley, shi ma a wasa da Arsenal, ya sha wasa goma. A Maris 2015 Angel Di Maria ya ja rigar Michael Oliver ta baya, kati na biyu kawai ya samu ya fita. A Agustan 2017 Cristiano Ronaldo ya ture Ricardo de Burgos Bengoetxea ta baya a Camp Nou bayan an kore shi, aka ba shi wasa biyar: ɗaya na jan katin, huɗu na turewar. Goma sha ɗaya, goma, takwas, biyar, ɗaya, babu. In ka jera su haka sai ka ce da ka ake yankewa.

Amma na Ronaldo ya tsaya mini a rai saboda wani dalili. A Sifaniya dokar ladabtarwarsu ta ware sashe na musamman ga wanda ya riƙe alƙali ko ya ture shi ko ya jijjiga shi ba da ƙarfi sosai ba, ta ce wasa huɗu zuwa goma sha biyu. Ronaldo ya sami mafi ƙarancin abin da aka rubuta. Kana iya cewa an yi masa sassauci, amma ba ka iya cewa an ƙirƙiro masa lamba. Ma'aunin yana nan tun kafin ya ɗaga hannu.

Abin da dokar ƙwallo ta ce, da abin da ba ta ce ba

Mutane da yawa, har da ni kafin wannan shari'a, sun ɗauka cewa a dokokin ƙwallo akwai wurin da aka ce taɓa alƙali jan kati ne kai tsaye. Babu. Dokokin da hukumar IFAB ke tsarawa guda goma sha bakwai ne. Ta 12 ta ce nuna ƙin yarda da hukunci, da baki ko da aiki, katin gargaɗi ne. Amfani da ƙarfin da ya wuce kima ko mugunta a kan kowa, har da alƙali, jan kati ne, haka zagi ko cin mutunci da baki ko da aiki, haka cizo da tofa yawu. Tsakanin dafa kafaɗa da naushi akwai fili mai faɗi, an bar wa alƙali ya auna. Ta 5 kuma ta ce hukuncin alƙali kan abin da ya faru a wasa shi ne na ƙarshe, ta kuma ɗora masa wajibin kai rahoton katunan da ya bayar da duk wani abin da ya auku.

Yawan wasannin dakatarwa kuwa ba aikin waɗannan dokoki ba ne, aikin masu gasa ne. FIFA a nata kundin ladabtarwa ta yi matakai: aƙalla wasa huɗu ga rashin ɗa'a ga alƙali, aƙalla goma ga yi masa barazana ko tsoratarwa, aƙalla goma sha biyar ga dukansa. Bayan wasan Uruguay da Ghana a gasar cin kofin duniya ta 2022 a Qatar, da 'yan Uruguay suka yi wa alƙali Daniel Siebert ca, Jose Maria Gimenez da Fernando Muslera wasa huɗu-huɗu suka samu, Edinson Cavani da Diego Godin ɗai-ɗai. Rana ɗaya, fili ɗaya, alƙali ɗaya, amma hukunci ya bambanta saboda abin da kowa ya aikata ya bambanta.

Mu kuwa layinmu ɗaya bai san mataki ba. Wanda ya dafa da wanda ya mara duk kora ce.

Zaman daren Alhamis

Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarmi a rumfar shagon shugaba. Muka kira alƙalan biyu, da yaran biyu, da kocinsu. Kafin in buɗe littafi Malam ya gyara murya.

"Alhaji, Allah ya ƙara girma, ina da 'yar magana. Yaron nan naka ne, kowa ya sani. Ba mai zarginka, amma da za ka koma gefe, da bakin mutane ya mutu."

Alhaji ya yi shiru har na fara jin ƙarar janareton maƙwabta. "Allah gafarta Malam, ni da nake biyan kuɗin filin?"

"Shi ya sa, Alhaji. An gaya mana abin da ya halaka mutanen da: in babba ya yi laifi a ƙyale shi, in mai rauni ya yi a tsayar masa da haddi."

Alhaji ya ɗauki carbinsa ya koma kan benci a waje. Bai ji daɗi ba, bai kuma ɓoye ba. Amma ya tashi, ba kowane mai kuɗin gasa ne zai tashi ba.

Kocin mayanka ya fara, hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce. "Ranku ya daɗe, rafli ya gani ko bai gani ba? Ya gani, a jikinsa ma aka yi. Ya ba da kati? Ya bayar. To an rufe littafi. In kuka buɗe wannan saboda bidiyon waya, gobe kowa zai zo da wayarsa a sake masa wasa." Wannan ita ce ainihin ƙa'idar da manyan hukumomi ke jin nauyin ƙetarewa: sun fi sakin jiki su hukunta abin da ya kuɓuce wa idon alƙali, ba abin da ya gani ya yanke ba. Ban da amsa a lokacin.

Tsohon ɗan wasanmu ne ya juya wajen tela. "Yaya, tsakaninka da Allah, ture ka ya yi ko bai ture ka ba?"

"Ya ture ni."

"A saninka na aikin nan, wane kati ne?"

"Ja ne."

"To me ya hana?"

Tela ya daɗe yana kallon tabarma. "Ƙanena, kai ka yi ƙwallo a inda rafli ke shiga mota ya tafi in an tashi. Ni da ƙafa nake komawa, ta ƙofar gidansu nake bi. Shagon da nake ciki na kawunsa ne. Da babansa muke sahu ɗaya da asuba. In na kore shi a gaban jama'a, da wane ido zan kalle su?"

Ba wanda ya yi magana. Duk mun san haka ne tun kafin ya faɗa, mu ne ma muka ba shi wasan. A nan na gane cewa rashin daidaiton bai faro daga teburin kwamiti ba. Ya faro ne daga ranar da muka ba alƙali ɗaya wasan mutanen da yake cin abinci a inuwarsu, muka ba ɗayan wasan baƙin da ba su da kowa a Agege. Alƙali ɗaya yana da 'yancin rubutawa, ɗayan ba shi da shi. Mu kuma muka ce da rahoto muke aiki, muka wanke hannu.

Wannan ya warware mini hujjar kocin. Ƙa'idar girmama hukuncin alƙali an gina ta ne a kan cewa abin da ya gani shi ya yanke. Ga alƙalin da bakinsa yana cewa ba abin da ya gani ya yanke ba. Ba mu taɓa sakamakon wasan ba, yaran mayanka sun ci sun ci. Na tambayi tela ko zai ba da ƙarin rahoto. Ya ce in rubuta ya sa hannu. Hannunsa na rawa ya sa.

Sai aka zo kan yaron Mile 12. Ya durƙusa, muka ce ya zauna. "Baba, wallahi ban san laifi ba ne. A garinmu in za ka ba babba haƙuri hannunsa kake kamawa." Duk wanda ke rumfar ya san gaskiya ya faɗa. Mu mutane ne masu magana da hannu. Muna gaisawa mu riƙe hannun juna har a gama tambayar gida da gajiya, muna kama hannun dattijo da hannu biyu don girmamawa. Abin da Bature zai gani a matsayin cin zarafi, a wurinmu sau da yawa ladabi ne. Na so a ce wannan ya isa ya wanke shi.

Bayaraben alƙalin ne ya hana ni. "Alhaji magatakarda, na san roƙo yake. A nan aka haife ni, na san yadda yaro ke kama hannun babba. Amma hannun da ya kama, da shi zan ɗaga kati. Ya hana ni aikina ke nan, ko da kuka yake. In na bar shi, gobe ƙato ya riƙe ni ya ce shi ma roƙo yake. Kuma ku dubi filinku, ba shinge. In 'yan kallo suka ga ɗan wasa ya kai hannu jikina ba a yi komai ba, su ƙafa za su kawo."

Maganarsa ta ƙarshe ta dawo mini a Oktoban 2025, da aka far wa alƙalai a filin Sani Abacha na Kano bayan wasan Kano Pillars da Shooting Stars, har hukumar gasar Firimiyar Najeriya ta cire wa Pillars maki uku. Can akwai shinge da jami'an tsaro. Mu igiya ce kawai muke ɗaurawa.

Kyaftin bai yi musu ba. Ya ce zuciya ce ta ɗebe shi, ya kuma je shagon tela ranar Lahadi ya ba shi haƙuri, tela ya ce ya yafe. Nan ma'aji ya sami ƙofa. Ya ce tun da mai haƙƙi ya yafe, mu su wa? A saki yaran biyu, a yi wasa, a zauna lafiya. Na san abin da ke ransa, kuma ba mugun abu ba ne: lissafin baɗi yake, in Alhaji ya janye hannu ba gasa. Malam ya ce tela haƙƙinsa ya yafe, ƙirjinsa ne aka tura, amma usur ɗin ba nasa ba ne, na gasa ne, ba ya iya yafe abin da aka ba shi amana.

Hukunci

Hanya uku ce a gabanmu, mu huɗu. A saki duka, ra'ayin ma'aji. A kori duka kamar yadda layin ya ce. Ko a bambanta: a rage wa yaron zuwa wasa ɗaya, a kori kyaftin a kuma ƙara masa wasannin baɗi. Tsohon ɗan wasa a kan ta ukun ya kafe, ya ce duk wanda ya taɓa sa takalmin ƙwallo ya san riƙo da turi ba ɗaya ba ne.

Zuciyata tana tare da shi, amma ban bi shi ba. Dalilina shi ne ba mu da wannan matakin a rubuce. In muka ƙirƙiro shi a daren, muna kallon fuskokin yaran biyu, mun san wane ɗan wane, to ko mun dace da gaskiya ba wanda zai yarda cewa ba fuska muka duba ba. Mutanen mayanka za su ce mun ƙara wa nasu don mu faranta wa masu surutu, su ma da hujjarsu. Malam ya goyi bayana da cewa ko Ubangiji ba ya azabtar da mutane sai ya aiko musu da mai gargaɗi. Abin da aka karanta wa kowa ranar haɗa ƙungiyoyi shi ne kora. Da ma'aji ya ga sakin ba zai yiwu ba ya dawo wajenmu. Uku da ɗaya, aka kori su biyun daga sauran gasar.

Ban ɗauki wannan hukunci a matsayin abin alfahari ba. Yaron da ya rusuna yana roƙo da ƙaton da ya ingiza dattijo sun tashi da abu ɗaya, kora daga sauran gasar. An yi musu daidai, ba a yi musu adalci ba, na kuma san bambancin tun a daren. Abin da kawai zan iya karewa shi ne ba mu auna ɗaya da mudu ɗayan da tiya ba. Har yau in muka haɗu da tsohon ɗan wasan sai ya ce mini, "Magatakarda, kun cuci yaron nan," ban kuma taɓa ce masa ƙarya yake ba.

Ranar Asabar aka buga wasan daf da ƙarshe cikin yayyafi, Bayaraben ya busa. Yaran mayanka suka ci ɗaya da nema ba kyaftin ɗinsu, suka je wasan ƙarshe aka doke su. Alhaji ya zo ya miƙa kofi, bai yi mini magana ba sai bayan Babbar Sallah.

Bayan nan

Kafin gasar 2024 muka yage layin nan muka rubuta matakai uku. Riƙe alƙali ko jan rigarsa ko tare masa hanya, wasa biyu. Turewa, wasa biyar, in gasa ta ƙare a ƙarasa baɗi. Duka ko tofa yawu, kora har abada. Lambobin namu ne, sun dace da gasar da ba ta wuce wasa uku ga ƙungiya ba, ba na cewa kowa ya kwafa. Muka ƙara abubuwa uku da a ganina sun fi lambobin muhimmanci. Alƙali ba ya busa wasan ƙungiyar unguwarsu. Rahoto a rubuce yake zuwa, da gurbi na musamman da ake tambayarsa ko an taɓa shi, e ko a'a, don kada shiru ya zama amsa. Ɗan kwamitin da ke da alaƙa da ƙungiya kuma ba ya zama a shari'arta, ba sai Malam ya roƙe shi ba.

A 2025 muka ɗauko tsarin da aka gani a gasar ƙasashen Turai ta 2024 a Jamus, cewa kyaftin kaɗai ke zuwa wajen alƙali neman bayani. Ya rage cincirindo sosai. Sai dai ni nakan yi murmushi in ana yabonsa, don wanda ya ture mana alƙali kyaftin ne.

Tela bai sake busa mana wasa ba. Ba wanda ya kore shi daga shago, kawun yaron ma bai ce masa uffan ba, amma ya ce ya gaji. Yanzu alƙalai biyu muke haya daga waje, kuɗin ya ninka, ma'aji na tuna mini duk shekara. Yaron Mile 12 ya dawo a 2024, yanzu in alƙali ya nufo shi hannuwansa yake kaiwa baya kamar ɗan makaranta a layin asambuli.

A wasan ƙarshe na shekarar aka je bugun fenareti. Mai tsaron gidan ƙungiyar da ta ci ya kaɗe na ƙarshe, ya tashi a guje, mutum na farko da ya ci karo da shi alƙali ne, ya rungume shi ya ɗaga shi sama cak. Alƙalin ya zo teburina yana dariya yana gyara riga, ya ɗauki takardar rahoto, ya kai kan gurbin nan, ya tsaya da biro a hannu.

"Alhaji magatakarda, me zan sa a nan?"

Na ce ya sa e, ya rubuta yadda aka yi a ƙasa. Ranar Litinin muka karanta a kwamiti, runguma ba ta cikin matakai ukun, muka rufe fayil. Kocin ƙungiyar da aka doke ya zo ya nemi ganin takardar, ya karanta sau biyu, ya miƙo mini ya tafi.